"Yaro Ne, Zai Saba": Maganar da Muke Rufe Bakin Ɗan Shekara Biyu da Ita



Akwai maganar da nake so mu daina faɗi, ita ce "yaro ne, zai saba." Wasu su ce "zai manta." Ana faɗin ta ranar da aka ciro ɗan shekara biyu daga bayan wadda ta goya shi aka miƙa wa wadda bai taɓa gani ba, yana tsala ihu yana miƙa hannu, manya na dariya suna cewa ƙiwa ce. Ana faɗin ta idan baffa ya zo daga Ingila ko Malesiya ko Saudiyya bayan addu'ar arba'in ya ce zai tafi da ɗan marigayi. Ana faɗin ta idan an taho da marainiya daga Maraɗi ko Damagaram aka sauke ta a Muciya ko Cikaji, gidan gwaggon da muryarta kawai ake ji a waya. Ni a wurina maganar nan ba gaskiya ba ce, kuma masu faɗin ta ma a ƙasan ransu sun san haka. Muna faɗi ne don mu manya mu samu barci. Shi yaron ba ya samu.

Kafin wani ya yi tsalle ya ce na zo yaƙi da riƙon maraya, a saurara tukuna. Riƙo namu ne, mun gaje shi. Duk wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta zauna da ita a Giwa tsakanin 1949 da 1950 ta rubuta tarihin rayuwarta, littafin ya fito a 1954, zai ga yadda riƙo yake a ƙasar Zazzau tun kafin zuwan Turawa. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ba ta tsufa ita kaɗai ba, dangi sun ba ta 'ya'ya ta riƙa suka zama nata. Ɗan fari da ake kunya, sau da yawa kaka ke ɗauka. Yaye ma gidan kaka ake kai yaro. Rabin mutanen zauren nan, in aka bincika, ko an riƙe su ko an riƙe wani a gidansu.

Sai dai a duba yadda riƙon nan na dā yake. Wadda ake ba yaron ya san fuskarta tun yana tsumma. Ita ta zauna jegon uwarsa, ita ke karɓar sa idan uwar na daka. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, waƙar rarrashi ɗaya. Uwa kuwa tana nan kusa, in ba a unguwa ba to a garin da za a je a yini a dawo. Duk biki, duk suna, duk ta'aziyya zai gan ta. Ba banza ba Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Mu yanzu mun riƙe sunan riƙo mun yar da ƙafar. Mun sa jirgin sama da biza da teku a tsakanin yaro da duk abin da ya sani, sannan muna kafa hujja da abin da kakanninmu suka yi tsakanin Giwa da Shika.

Kuma wannan magana ta shafe mu a nan fiye da sauran garuruwa. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 Samaru ta zama garin masu fita waje. Wannan ya tafi digiri na uku, wancan likita ne a Shika ya samu aiki a Saudiyya, wata ta bi mijinta Kanada. Sabon Gari kuwa tun zuwan jirgin ƙasa gari ne na baƙi, da wuya ka samu layin da babu gida mai dangi a Nijar ko Cadi ko Kamaru ko zangon Kumasi. Saboda haka yaranmu suna ƙetare iyaka ta ko'ina: wasu su fita, wasu su shigo. Ba ma kiran abin da sunan da Turawa ke kiran sa, amma a wajen yaron duk ɗaya ne. Ya kwanta a duniya ɗaya ya tashi a wata.

Me ke faruwa da shi a makonnin farko? An yi nazarin wannan tun tuni. A 1952 wani Bature mai suna James Robertson, wanda ke aiki da likitan ƙwaƙwalwa John Bowlby a Landan, ya ɗauki fim ɗin wata yarinya 'yar shekara biyu da aka kwantar a asibiti kwana takwas don ƙaramar tiyata. A lokacin asibitocin Ingila ba sa barin uwa ta kwana da ɗanta, ziyara ma a ƙayyade take. Abin da su biyun suka gano daga irin waɗannan yara shi ne matakai uku. Da farko yaro ya yi bore, kuka da ihu da neman uwa. Daga nan ƙarfinsa ya ƙare, ya yanke ƙauna, ya yi shiru, ya rage cin abinci da wasa. Sannan ya kai matakin da yake yi wa kowa murmushi, kowa ya miƙa hannu ya tafi, uwar ma in ta zo ya kau da kai kamar bai san ta ba. Ma'aikatan jinya na ganin shirun nan sai su ce yaro ya kwantar da hankali. Robertson ya ce a'a, ya dai daina sa rai ne. An yi ta musu da shi shekaru, har wani rahoton gwamnati na 1959 ya ba da shawarar a buɗe wa iyaye ƙofar asibitocin yara.

Ku lura, wannan mataki na biyu da na uku su ne daidai abin da muke yi wa shelar "Alhamdu lillahi, ya saba, ko ƙiwa ba ya yi." Abin mamaki kuma mu ba mu taɓa buƙatar fim ɗin Bature kan wannan ba. Je ka ɗakin yara a kowane asibiti a Zariya, kowane gado da uwa ko kaka a gefe, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa. Babu Bahaushiyar da za ta bar ɗan shekara biyu ya kwana ɗaya a asibiti shi kaɗai. To me ya sa ilimin da muke da shi a bakin gadon asibiti yake ɓacewa a filin jirgin Malam Aminu Kano?

Na ga irin wannan da idona a wani gida a Hayin Dogo. An taho da yarinya daga tsallaken iyaka bayan rasuwar uwarta, ba ta cika shekara biyu da rabi ba. Mutanen gidan mutanen kirki ne, babu abin da suka rage ta da shi, sababbin kaya har da takalmi mai fitila. Kwana uku ta yi kuka, sannan ta daina. Sai ta koma tsayuwa bakin ƙofar zaure da tsohon silifas ɗin da ta zo da shi a hannu, ba ta cewa komai. In an ba ta burodi ta ci rabi ta cusa rabi ƙarƙashin matashi. Ta koma fitsarin kwance bayan an ce ta daina tun a gida. Duk baƙon da ya shigo, ko mai ruwa ne, ta bi shi ta riƙe masa riga. Matan layi na ta yabo, wai yarinya mai son mutane. Wasu kuma suka fara gulmar ɓoyon abincin, wai a bincika asalin uwarta. Wata tsohuwa maƙwabciya ce ta shigo ta duba ta ce wa matar gidan, "Ke 'yar nan, ajiye aikin nan ki ɗauko zane ki goya ta. Kada ki sauke ta sai in za ki yi salla, kuma kada ki bar kowa ya ɗauke ta sai ke." Aka yi haka. Bayan makonni yarinyar ta fara ƙiwa, in matar ta shiga banɗaki ta zauna bakin ƙofa tana kuka. Mutane suka ce an sangarta ta. Tsohuwar ta ce yanzu ne ta samu uwa.

Ƙiwa a wannan shekarun ba cuta ba ce, alamar lafiya ce. Yaron da ke ƙiwa yana da mutum ɗaya a duniya da ya yarda da shi. Wanda ba ya ƙiwa ko kaɗan bayan an raba shi da mai goyonsa, shi ne abin dubawa.

Yanzu a kwatanta da abin da muka saba yi a makon farko. Ranar da yaro ya iso gida ya cika da 'yan barka, kowa sai ya ɗauke shi, kowa sai ya ja kumatunsa. A yi masa aski ko kitso, a cire kayan da ya zo da su a jefar don sun tsufa, alhali su kaɗai ne ke ɗauke da ƙamshin gidansu. A ɗauki hoto a ɗora a Facebook da WhatsApp, a rubuta "sabon ɗanmu, maraya ne, a sa mu a addu'a," ɗaruruwan mutane su yi ta Masha Allah. Wa ya tambayi yaron ko yana so duniya ta san shi da wannan suna? Hoton nan zai nan har ya girma. Sannan a ce daga yau sunanka kaza, domin sunansa na yanka sunan surukin gidan ne, ko don Turawa ba za su iya faɗi ba. A ce ka ce Momi, ka ce Dadi. Mako na biyu a kai shi nazare domin kowa na da aiki. Mafi muni shi ne yadda ake rabuwar tun farko: a ce masa "bari in sayo maka alewa," uwa ko kaka ta sulale ta bayan gida. Darasin farko da ya koya a sabuwar rayuwarsa shi ne wanda ka fi yarda da shi zai iya yi maka ƙarya ya ɓace. Daga baya kuma mu yi mamakin me ya sa ba ya yarda ya yi barci.

Sai batun harshe, wanda ni a wurina shi ne asarar da aka fi rainawa. Ɗan shekara biyu ya fara haɗa kalma biyu: ba ni, Inna zo, ruwa sha. Da waɗannan 'yan kalmomi yake riƙe da duniya. Kai shi inda babu mai jin su, ka mai da shi bebe da rana tsaka. Masu nazarin yaran da aka ɗauka daga wata ƙasa sun daɗe da lura cewa a wannan shekarun harshen farko yana zubewa cikin watanni ƙalilan in ba a ci gaba da yi da yaro ba, tun kafin sabon ya zauna. Amma ba ya tafiya ba tare da barin tabo ba. A 2014 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka auna ƙwaƙwalwar 'yan matan da aka ɗauko daga Sin suna jarirai, suka tashi a gidajen masu Faransanci, ba su jin Sinanci ko kalma ɗaya. Da aka kunna musu karin sautin Sinanci, ƙwaƙwalwarsu ta amsa irin yadda ta masu jin harshen ke amsawa, ba irin ta Faransawa zalla ba. Hausa ma harshe ne mai karin sauti. Wato wanda muke cewa ya manta, bakinsa ne ya manta. Abin yana nan a ciki.

Dorugu, yaron nan Bahaushe da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, ya riƙe Hausarsa garau har ya ba da labarin tafiyarsa da ita aka rubuta, ya dawo ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a Kano. Amma shi ya tafi ne yana saurayi. Ku tuna kuma da yaran Kano tara da 'yan sanda suka gano a Onitsha a watan Oktoba na 2019, waɗanda aka sauya musu suna, aka tarar wasu Hausar ma ta fara gagarar su. Wancan sata ce, ba riƙo ba, kuma kotu a Kano ta yanke wa Paul Owne shekara 104 a 2021. Ba ina haɗa baffa da ɓarawo ba ne. Ina nuna cewa harshen ƙaramin yaro bai san niyyar wanda ya ɗauke shi ba, haka zai zube ko da niyyar alheri aka tafi da shi.

Za a ce ai baffan Bahaushe ne, Hausa ake yi a gidansa. To, mu da ke Samaru mun sha ganin 'ya'yan 'yan'uwanmu sun zo hutu, kaka na yi musu Hausa suna amsawa da Turanci ana tafinta. Baffa yana asibiti ko ɗakin karatu tun asuba. Wanda zai yini da yaron matarsa ce. Nan ne kuma wata tambayar da ba a yi: an shawarce ta? Sau nawa namiji ke miƙewa a zaman ta'aziyya, zuciya ta karye, mutane na kallo, ya ce "ni zan riƙe shi," sai a mota ko a waya matar ta ji labari? A Zariya in an kawo miki ɗan riƙo kina da ƙanwa, kina da maƙwabta, kina da yaran gida. A ɗaki biyu a Bamingam cikin hunturu, da goyo a baya da aikin dare, ba ki da kowa. Shi ya samu yabon jama'a, ita ta samu tashin dare. In ta gaza a ce muguwar matar baffa. Ba na wanke masu azabtar da 'ya'yan riƙo, akwai su kuma Allah na ganin su. Amma riƙon da aka ɗora wa mace ba da yardarta ba an gina shi a kan rami tun ranar farko.

Mu zo ga wadda aka fi zalunta bayan yaron. A Hausa maraya shi ne wanda ubansa ya rasu, ko da uwarsa na raye da lafiyarta. Yawancin yaran da ake cewa za a tafi da su don a taimaki maraya suna da uwa. Tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ba ta fita, ba ta ɗaga murya, surukai sun kewaye ta. A zo a ce an yanke shawara baffa zai tafi da yaro Turai, ai gata ne. Ta sunkuyar da kai. A ce ta yarda. Wannan kunya ce da rashin gata, ba yarda ba. In ta buɗe baki a ce tana yi wa ɗanta baƙin ciki.

Abin haushi shi ne masu yin haka sukan jingina da addini, alhali littafin da muka karanta a zaure bai ce haka ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda duk ɗalibin fiƙihun Malikiyya a garin nan ya sani, haƙƙin reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. In uwa ta rasu ko ta yi wani aure, kaka ta wajen uwa ce ke biye, sannan 'yar'uwar uwa. Ba a fara da wanda ya fi kuɗi ba. A littafin nan dai, a babin ciniki, an hana raba baiwa da ɗanta wajen sayarwa har sai yaron ya yi famfara. A zamanin bauta ke nan. Malaman da suka rayu shekara dubu da suka wuce sun ga cewa yaron da bai zubar da haƙoran nono ba bai kamata a raba shi da uwarsa ba ko da baiwa ce. Mu masu digiri muna raba 'ya mai 'yanci da ɗanta ɗan wata ashirin da huɗu, muna kiran abin lada.

Ladan riƙon maraya gaskiya ne, kuma babba ne, kowa ya san matsayin da Annabi (SAW) ya yi wa mai yin sa albishir da shi. Amma ɗaukar nauyin maraya ba dole sai an ɗauke shi ba. Kuɗin tikiti da biza da lauya da kayan sanyi, in aka tura wa uwar a Dogarawa ko Kwangila, aka biya mata haya, aka sa yaron makaranta mai kyau in lokaci ya yi, shi ma riƙo ne. Bambancin kawai babu hoton da za a ɗora.

Duniya ma da ta fi mu zurfi a wannan harka tana ja da baya. A 2007 aka kama wasu Faransawa a Abece ta ƙasar Cadi za su fita da yara 103 da suka ce marayun Darfur ne, bincike ya nuna yawancinsu 'yan Cadi ne kuma suna da uwa ko uba a raye. Habasha ta haramta wa baƙi ɗaukar yaranta a watan Janairu na 2018. Sin ta rufe nata shirin a 2024. Koriya ta Kudu, wadda ta tura yara wajen dubu 200 ƙasashen waje tun daga shekarun 1950, wata hukumar gwamnatinta ta tabbatar a 2025 cewa an yi ta ƙirƙirar takardu ana mai da masu iyaye marayu. Waɗancan yaran yanzu dattawa ne, suna komawa suna neman uwayensu da tafinta. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1993 da ke tsara wannan harka tsakanin ƙasashe. Tun watan Maris na 2021 kuma Birtaniya ta sa takunkumi kan ɗauko yara daga Najeriya, bisa dalilin takardun da ba a iya dogara da su da kuma fataucin yara.

Wannan takunkumi ne ke kai wasu ga gajeriyar hanya, kuma dole a faɗe ta a fili. A je a yi wa yaro sabuwar takardar haihuwa da sunan baffa a matsayin uba, matarsa a matsayin uwa, a yi fasfo a wuce. Ana ganin wayo ne. A dokar ƙasa laifi ne, ranar da aka nemi gwajin jini kuma asiri ya tonu, yaron ne zai rasa takardar zama. A addini kuwa shi ne ainihin abin da Suratul Ahzab ta hana lokacin da aka mayar wa Zaidu bin Harisa sunan mahaifinsa. Ga gado ya rikice, ga muharramaka ta rikice. Uwa ta haifa ta shayar, an goge ta da biro. 'Yan'uwanmu Kirista da ke cikin zauren nan, waɗanda addininsu bai hana ɗaukar ɗa ta kotu ba, su ma wannan hanyar ba tasu ba ce, domin ƙarya ce a rubuce.

Na san akwai inda babu makawa. Uwa da uba sun tafi, kaka ta tsufa ba ta gani, babu innar da za ta iya, ko yaron na da sikila mai tsanani ana neman inda zai samu kulawa. A nan gidan baffa ko a ina yake ya fi gidan marayu, kuma bincike ya goyi bayan haka: a Romaniya, daga shekarar 2000, an bi yara 136 na gidajen marayu, aka ga waɗanda aka mayar hannun iyali sun fi waɗanda aka bari, musamman in an mayar da su kafin su cika shekara biyu. Ban ce kada a ɗauka ba. Na ce in za a ɗauka, wahalar ta hau kan babba.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta shardanta cewa kafin kotu ta ba mutum yaro sai ya zauna a hannunsa wata uku a jere. Jihar Kaduna ma tana da tata dokar kare yara tun 2018. Mu bar ma batun kotu, mu ɗauki hikimar wata ukun nan. Wadda za ta riƙe yaron ta zo ta zauna inda yake. Ta ba shi abinci a kwanonsa, kaka na zaune a gefe. Ta goya shi a unguwar da ya sani. In an ce ba hutu, aiki ba zai bari ba, to wanda bai da mako shida na zama da yaro a Samaru ina zai samu shekara goma sha shida na renonsa a can? Ranar tafiya a gaya masa gaskiya da kalmomin da zai gane, a bar shi ya yi kukansa a gaban wadda yake kuka dominta. A sa masa zanen goyonsa a jaka ba a wanke ba, da kofinsa, da silifas ɗin nan da ake ganin ya tsufa. In an isa a rufe ƙofa, 'yan barka su yi haƙuri wata guda, mutum ɗaya ko biyu ne kawai za su ciyar da shi su yi masa wanka su kwana da shi. In ya koma neman goyo ko ya koma fitsarin kwance, ba iskanci ba ne, kada a dake shi. A bar masa sunansa.

Waya kuma, don Allah a daina hanawa. Hujjar da ake bayarwa ita ce duk ranar da ya ga kakarsa a bidiyo sai ya yini yana kuka, gara a bari ya manta. Kukan nan ba wayar ce ta kawo shi ba, yana nan tun da, wayar ta buɗe masa ƙofa ne. Yaron da ke ganin Innarsa kullum bayan magariba ya san ba ta mutu ba, ba ta kuma yar da shi ba. A yi masa Hausa a gida da gangan, ko da malamar nazare ta ce zai rikice, ba zai rikice ba, yaran Sabon Gari da harshe uku suke tashi.

Sannan a rubuta. Mu mutane ne masu ƙin rubutu a harkar zumunci, wai kamar ba a yarda da juna ba, sai an mutu a bar baya da rigima. Kafin yaro ya bar gari a zauna gaban shaidu daga dangin uba da na uwa a rubuta sunan mahaifinsa da na mahaifiyarsa da na kakanninsa, da gidan da aka haife shi, da inda aka binne wanda ya rasu, da abin da ya gada da wanda ke riƙe da shi, da shekara nawa-nawa za a riƙa kawo shi gida, da sharaɗin cewa in uwa ta nemi ɗanta za a dawo mata da shi. A bar maganar sai ta fita takaba, a tambaye ta ita kaɗai ba a gaban surukai ba. Kwafi ɗaya a hannunta, ɗaya wajen mai unguwa, ɗaya a cikin jakar yaron tare da takardar haihuwarsa ta asali.